Ƙusar Asuba

Ladanin Domayo bai ida kiran farko ba
na sauko da ƙafar hagu daga gado,
sai ƙusa.
Babu ƙusa a daɓen, Jaratu ta share shi jiya.
Cikin diddigen take kwana,
tana jiran in taka.

Taku goma ina ɗingishi zuwa buta,
taku talatin ta lafa,
kafin in kai sahu ta ɓace kamar ƙarya na yi mata.
In zauna shan shayi wurin Bakari, in miƙe,
ga ta nan, ko sallama babu.

Jaratu ta haska tocila ta tone ni da allura,
wai ƙayar aduwa ce. Ba ƙaya.
Wanzami ya ce mataccen jini ne, a tsaga.
Maƙwabcina ya rage murya:
"Ka taka abin da aka binne maka."
Wa zai ɓata layarsa a kaina?
Shekara talatin ina taka Marwa,
daga majema zuwa babbar kasuwa,
ina ratsa yashin Mayo Kaliyawo
da takalma dozin biyu a kafaɗa,
nawa na ƙafa kuwa ya suɗe, ya koma fallen takarda.

A asibiti Malam Sali ya danna babban yatsa wuri guda,
na ambaci Allah da ƙarfi, har na waje suka ji.
Ya tambayi sana'ata, ya yi murmushi.
"Kai ba za ka wahalar da ni ba.
Akwai tsirkiya a tafin ƙafa,
daga diddige zuwa gindin yatsu,
ita ke ɗaure da bakan da kake tsayuwa a kai.
Lodi ya yi mata yawa, ta soma sassaɓewa inda ta kama ƙashi.
Da dare sai ta takure, tana ɗinke kanta a ɓoye,
da asuba ka jibga mata buhun jikinka gaba ɗaya.
Baduku, ƙirgin da ya kwana a bushe,
in ka fizge shi, me yake yi?"
Na ce, "Darewa."
Ya ce, "To, lallaɓa shi."

Yanzu ba na sauka sai na gaishe ta.
Ina zaune bakin gado, in maƙala rawanina a tafin ƙafa,
in ja yatsu su dubi gwiwa,
in ƙirga talatin, in saki, in sake.
Da hantsi in dafa bango kamar mai tura motar da ta mutu,
ƙafar ciwo a baya, diddige manne da ƙasa,
har agara da sharaɓa su ba da kai.
Da magariba jikata Asta ta sayo gorar ruwa mai ƙanƙara,
in murza ta ƙarƙashin ƙafa,
tana jira ta narke ta shanye ladanta.

Ya hana ni yawo ba takalmi, ko a tsakar gida.
Ya ce in raba tafiyar biyu, rabi in hau mashin,
in rage loma, tumbi ma kaya ne.
Ƙwayar ciwo ta 'yan kwanaki ce kawai.
Allura? Sai in wannan duk ya gaza.
"Watanni take ci, kada ka ƙirga da kwana."

Abin kunyar, ni da nake yi wa gari takalmi.
Na ɗauki basilla na ɗinka wa kaina:
soso a diddige, ɗan tudu a kwarin ƙafa,
maɗauri ta baya don kada ya riƙa tafi.
Ba shi da kyau. Jaratu ta ce kamar kunkuru.

Wata na biyar ke nan.
Ranar Litinin ƙusar ta leƙo, don na yi ganganci ran Lahadi.
Yau kuwa sai da na idar da alwala
na tuna ban ji komai ba.

Ɗazu wata mai tuyar ƙosai ta tsaya gaban rumfata,
tana tafe a kan yatsu, diddige a sama.
Ban tambaye ta launin da take so ba.
Na ce, "Zauna. Da asuba ya fi tsanani, ko?"